Ruwan da Ke Ƙarƙashin Laburare

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma ba a neme ni ba. An kafa kwamitin sabunta tsohuwar unguwa, an cika shi da yaran da na koya wa riƙon fensir. Tun ranar da suka sallame ni daga ma'aikatar ayyuka da tafi da kyautar agogon bango, haka ake yi mini. Agogon ma ya daɗe da tsayawa. Shugaban kwamitin ɗalibina ne na dā, yanzu wai Darakta. Ina tune da shi sarai: zanensa tsaf, lissafinsa ba laifi, amma bai taɓa yarda takalminsa ya taɓa laka ba.

Maman yara ta ce in sha maganin hawan jinina in bar mutane su yi aikinsu.

Alhamis, 6 ga Maris

Na bi ta bayan tsohon laburare. Wani baƙin tiyo ya leƙo ta tagar ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana amayar da ruwa cikin kwata. Mai gadi ya ce ai tun bara wani inji ke jan ruwan da ke ƙarƙashin ginin, za a busar da ƙasan a yi shaguna. Sai da na dafa bango.

Ginin nan a kan fadama yake. Waɗanda suka gina shi sun kafa guma-guman itace cikin laka, suka ɗora harsashi a kansu. Muddin itacen na nutse a ruwa, ba ya ruɓa. Ka janye ruwan, iska ta same shi, shi ke nan. Ruwan da suke kira matsala, shi ke riƙe da ginin. Duk zamana a ofis ban bari an kwashe ko bokiti guda ba. Har Sarkin Kwaɗi suke ce mini a bayan idona, suna zaton ban sani ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na je wurin Darakta. Ya rusuna, Malam kaza, Malam kaza, ya sa aka kawo shayi. Na zana masa komai a bayan ambulan. Ya ce ƙwararru sun zo da na'ura sun auna bango, lafiya lau; danshi kuma yana cin littattafai. Ba wanda ya auna abin da ke ƙarƙashin bangon. Ya yi murmushin nan da ake yi wa tsoho mai maimaita labari, ya ce, "Malam, zamani fa ya canza."

Na ce masa zamani ya canza, amma ba a sanar da itacen ba.

Ya yi dariya, ya ce direbansa ya mai da ni gida. Na ƙi. Gwiwata ce ta sha wahalar girman kaina.

Asabar, 5 ga Afrilu

Injin yana nan yana ja. Jakuna masu digiri.

Juma'a, 2 ga Mayu

Na shiga zauren karatu, wanda ke ɓangaren gabas. Teburina yana nan gindin babbar taga. A nan na yi karatun duk jarrabawar da na ci a duniya, lokacin da gidanmu ɗaki ɗaya ne, mu da ƙannena da keken ɗinkin mahaifiyarmu. Na ajiye biro a kan teburin. Ya mirgina shi kaɗai, ya yi gabas, ya faɗi ƙasa.

Mai kula da littattafai ta ce ƙofar gefen ma ta fara cijewa, amma an kira kafinta ya aske ta, yanzu tana rufuwa sumul. An aske ƙofa! Gini yana kuka, su suna toshe masa baki. Na roƙe ta ta kwashe masu karatu daga wannan ɓangaren. Ta ce ba ta da iko, amma za ta ce fenti za a yi. Ita kaɗai ce mai kunne a gidan nan.

Talata, 13 ga Mayu

Ina zaune a tabarma ina ta faɗa, maman yara ta ajiye mini kwano ta ce, "Injiniya, tsakaninka da Allah, so kake a ceci ginin, ko so kake ya rushe a ce ai ka gaya musu?"

Ban ci abincin ba. Mace ta zauna da kai shekara da shekaru don kawai ta san inda za ta soka.

Lahadi, 17 ga Agusta

Bangon gabas ya tsage daga taga har rufi. Hannuna ya shige cikin tsagar. Sun kashe injin. Sai yanzu. An haƙa rami gefen harsashi, aka taɓo kan gungume ɗaya, ya marmashe kamar jiƙaƙƙen burodi. Na tsaya a bayan igiya tare da 'yan kallo. Na zaci zan ji daɗi. Ko kaɗan ban ji ba.

Talata, 19 ga Agusta

Darakta a ƙofar gidana, takalminsa laka har idon sawu. Bai zauna a kujera ba. Ya ce tsofaffin zane-zanen sun ɓace a wani kwashe-kwashen ofis, ba wanda ya san yadda aka jera itatuwan sai ni.

"Malam, gabas ta riga ta tafi. Sauran nake so in ceta."

Na daɗe ina tanadin abin da zan gaya masa a irin wannan rana, na kuwa zazzage masa shi tas. Na ce ya je ya tambayi na'urarsa. Bai ɗago kai ba. Maman yara ta kawo masa ruwa, ni ta kawo mini harara.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ina ɗan zuwa wurin. Don kada su kashe wani ne kawai. Hular kwanon ma saboda rana na karɓa.

Mun mai da ruwan. Mun tokare ɓangaren yamma da ƙarfe, na nuna musu layin itatuwan da sandata, an tona, suna nan daidai inda na ce. Na can sun fi nutsewa, da sauran ƙarfinsu. Darakta da kansa ke shiga ramin. Yana tambaya, yana saurare. Ɗazu ya zame, na ji bakina ya ce, "A hankali, ɗana." Suɓutar baki ce.

Jiya aka sauke ɓangaren gabas. An fitar da littattafan, an fitar da teburin. Zauren karatu babu, da babbar tagar.