Na'urar da Ta Haɗiye Mato Bakwai

Agege, Legas,
12 ga Maris, 2001.

Zuwa ga mahaifina, Baba Yashim,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, da Mama da kowa a Zonkwa. Yaya gwiwar taka? Ni lafiyata lau, sai kewarku.

Baba, tafiretar da ka sha wahalar koya mini an kai ta sito. Sabon ciyaman ɗin ƙaramar hukumar da nake wa aiki ya ce mulkin farar hula ba zai tafi da fayil ɗin da ɓera ya ci rabinsa ba, sai ya sayo kwamfuta huɗu. An ware musu ɗaki mai sanyi, har da labule, kuma sai ka tuɓe takalmi a ƙofa. Mu da muka shekara muna gumi a ofis, ko fanka ba a taɓa saya mana ba. Shugaban sashenmu shi ne Injiniya Badaru, Bayarabe mai tsauri, mu dai Oga muke ce masa.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. In na yi kuskure, maɓalli ɗaya zan danna, harafin ya ɓace ko tabo babu. Ka tuna lokacin kana akawu, ka yini kana neman suna ɗaya a rijista? Wannan kafin ka ɗauke yatsa ta fito maka da shi. Ranar farko har bayanta na leƙa in ga inda take ajiye takardun, Oga ya yi ta dariya.

Da yake ni kaɗai ke jin Hausa a sashen, ni aka ba aikin shigar da sunayen masu rumfa a kasuwar 'yan goro ta bayan layin dogo, mutum dubu ɗaya da ɗari uku. Za a sake gina kasuwar, kuma wanda sunansa ke cikin na'ura shi kaɗai za a ba rumfa. Baba Mato ma yana ciki, dattijon nan mai goro da ya tsince ni a tasha ina kuka ranar da na sauka Legas, ya nema mini ɗaki. Matsalar ɗaya ce, na'urar ba ta yarda a tsallake gurbin ranar haihuwa, su kuwa yawancinsu ba su sani ba. Sai na yi dabara. In duba fuskar mutum, tsoho in ba shi ɗaya ga Janairu 1940, magidanci 1960. Aiki sai gudu yake, Oga har yabona ya yi.

A gaida Mama da kyau.

Ni ce 'yarka,
Jinƙai.

Agege,
3 ga Afrilu, 2001.

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina rubuto maka ne zuciyata ba daɗi. Dabarar nan tawa ta jawo ɓarna.

Ciyaman ya ce ba ya son sunayen bogi, sai Oga ya umarci na'urar ta cire duk wanda sunansa da garinsa da ranar haihuwarsa suka zo daidai da na wani. Ina tsaye, ko numfashi ban gama saukewa ba, ta cire mutum ɗari biyu da sha biyu. Ka san mutanen nan da sunan garinsu suke amsawa. Mato Gumel tara gare mu a kasuwar. Ni na raba su gida biyu, 'yan 1940 da 'yan 1960, ita kuma ta bar ɗaya a kowane gida, ta haɗiye bakwai.

An manna jerin sunayen a ƙofar kasuwa. Jiya Baba Mato ya zo ofis, ya tuɓe takalminsa a ƙofa kamar kowa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yata, an ce na'ura ta ce babu ni. To ga ni na zo ta gan ni." Shekara talatin da huɗu yake a rumfar nan, da ita yake ciyar da gida biyu. Na kasa haɗa ido da shi, na ce ya je zan duba.

Oga ya dage na'ura ba ta ƙarya, 'yan kasuwa ne suka so cuta. Gaskiyarsa, ba ta yi ƙarya ba, abin da na ba ta shi ta riƙe. Ranar Alhamis ta sama za a kai wa ciyaman jerin ya sa hannu, daga nan kuma babu gyara. In na faɗa, ƙila a kore ni. Tsoro nake ji ƙwarai, amma gobe zan faɗa. Ku sa ni a addu'a.

'Yarka,
Jinƙai.

Agege,
16 ga Afrilu, 2001.

Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri, tare da barka da Ista gare ku duka. Na faɗa, kuma ba a kore ni ba.

Na sha faɗa da Turanci, na sha da Yarabanci, an kuma ba ni takardar gargaɗi. Da Oga ya huce, sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ɗan faifai baƙi, bai kai tafin hannunka ba. Ya tura shi cikin na'urar, ta ɗan yi ƙara, sai ga mutum dubu da ɗari uku sun dawo, ba wanda ya ɓata. Baba, kasuwa guda a cikin abin da za a sa a aljihun riga!

Oga ya ce shi ma da laifinsa, tunda bai taɓa tambayar yadda mutanen suke gane junansu ba. Ranar Laraba muka loda kwamfuta da janareto a danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, muka kai su tsakiyar kasuwa. Ciniki ya tsaya cak. Kowa ya zo ya faɗi abin da aka gaya masa game da haihuwarsa: wani shekarar samun mulkin kai, wani da azumin shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama. Sarkin kasuwa da dattawa suna lissafin shekarar, ni ina bugawa. Duk wanda sunansa ya fito a gilashin na'urar sai a ɗauki kabbara.

Har la'asar saura mutum biyu, Baba Mato da wani tsoho. Dukansu Mato Gumel, dukansu shekarar da fara ta cinye gero, sunan mahaifansu ma ɗaya. Na'ura ta ƙi karɓar su biyun. Oga ya yi ɗan danne-danne, ya ƙara sabon gurbi wanda shi ma ba a tsallakewa, ya ce kowannensu ya faɗi sunan mahaifiyarsa. Ka san dattijon Bahaushe ba ya kama sunan uwarsa, balle a bainar jama'a. Ɗaya tsohon ya rubuta da ajami a takarda, wani malami ya karanta mini a kunne. Baba Mato bai iya rubutu ba. Oga ya dubi agogo ya ce nan da minti biyar za a kashe janareto. Na roƙi Baba Mato ya raɗa mini, ni kaɗai zan ji. Ya girgiza kai. Sai ya juya ya fita. Na ce shi ke nan, ya zaɓi ya bar rumfar, hawaye suka zubo mini.

Can sai ga shi yana haki, wata mai koko tana biye da shi, ludayinta a hannu. Ya tsaya gaban na'urar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ga mai sunan Inna." Matar ta gyara mayafi ta ce, "Sunana Baiwa." Na buga, na'ura ta karɓa. Ya ce in nuna masa inda yake. Na nuna, ya daɗe yana kallon haruffan da bai iya karantawa ba, sannan ya ce, "Ashe gwamnati ma yau ta san da ita." Oga, duk tsaurinsa, sai da ya cire tabarau ya goge.

Ciyaman ya sa hannu ranar Alhamis, Mato tara cif.

Baba, ina da roƙo. Mahaifiyarka, ni Kaka kawai na san muna ce mata har ta rasu. In ba za ka iya rubuta sunanta ba, ka ba Mama alƙalamin.

Ni ce 'yarka mai ƙaunarka,
Jinƙai Yashim.