Na Kori Gwaggona a Kan Cutar da Aminina Ya Kawo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na rubuta takardar nan da ajami, na ba wani falke ya kawo Dogon Dutsi a karanta muku bayan La'asar, ban sa sunana ko na garinmu ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Ina da amini, tare aka yi mana kaciya, bari in kira shi Tanko. Bara bayan girbin gero 'yan gardin kumandan, wato dogaran Nasara, suka tafi da shi aikin hanya na tilas. Bayan wata biyu sai ga shi ya gudo, ƙafa duk faso, ya ce in rufa masa asiri. Na ɓoye shi a ɗakina na karatu, daga ni sai matata sai Gwaggo muka sani. Lokacin sanyi ne, gwado ɗaya gare ni, a tabarma ɗaya muke kwana muna rufa da shi kamar muna yara.

Da aka yi kamar wata guda sai ƙaiƙayi ya kama ni, tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu, in dare ya yi ya ƙaru. Daga ni ya koma kan matata, sannan jaririyarmu, har tafin ƙafarta ƙuraje. Na yi rubutu mun sha, mun shafa, abin sai gaba yake.

Gwaggo ƙanwar babana ce, ba ta taɓa haihuwa ba, ita ta goye ni. 'Yar bori ce, ni kuwa ban taɓa son hakan ba, na sha yi mata wa'azi. Rannan Tanko ya ce ko na lura kowa a gidan yana susa ban da ita, ya ce doguwarta ce, aljanar borinta, ke rama wa'azina. Allah ya yafe mini, na yarda, domin dama zuciyata tana neman abin kamawa. Na faɗa a ƙofar masallaci, mata suka daina tsayawa kusa da ita a rijiya, ƙarshe na ce ta bar mini gida. Ta ɗaure 'yan ƙoranta, ta ce, “Allah ya ba jaririyar lafiya, ɗana.” Ta tafi Gecheme wurin dangin marigayi mijinta.

Ciwo bai bi ta ba. Da ƙurajen yarinyar suka fara ruwa na kawo ta garinku wurin lokotoro, wato likita. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce ƙazwa ce, wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana shiga ƙarƙashin fata, kuma jiki da jiki yake bi, ko shimfiɗa da tufa. Ya ce mai kwana ita kaɗai a ɗakinta ba lalle ta ɗauka ba. Ya tambaye ni wa ya kwana tare da ni kafin abin ya fara, na ce ba kowa. Ya ba ni man farar wuta, ya ce kowa ya shafa tare a rana ɗaya, a dafa tufafi a shanya. Alhamdu lillahi mun warke.

Da na koma na tsare Tanko, bai ma yi musu ba. Ya ce a sansanin aiki jibge suke kwana, kowa na da ƙazwar, har an gaya musu sunanta da yadda ake ɗauka. Ya ce tsoro ya ji kada in kore shi, kuma shi bai zaci zan kori tsohuwar ba. Ya san gaskiya ranar da take ɗaure kayanta, yana ɗaki yana ji. Ita kuwa da ke dafa masa tuwo, har yau ba ta gaya wa kowa yana gidana ba.

Na je Gecheme na durƙusa. Ta ce ta yafe, amma ba za ta koma garin da ake kiran ta mai jifa ba, sai in tsaya inda na ɓata ta in faɗi inda cutar ta fito. In na faɗa, kafin kwana uku maganar ta kai ga 'yan gardi, kun san abin da suke yi wa wanda ya gudu. In na ce wani baƙo ne, na sake ƙarya a ƙofar masallaci, kuma garin ya san ban yi baƙo ba.

Malamai da dattawa, Gwaggo ta tsufa, tari take yi, a rumfar kara take kwana. In faɗi sunansa, ko in bar ta can?