Kullum Sai Na'urar Ta Nuna Mini Jirgin Da Ya Kife

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah shawara nake nema ku ba ni, mai niyyar ce mini in yi haƙuri ya riƙe abinsa, na sha jin wannan.

Ni 'yar Yelwa ce, na gama sakandare ina zaune, sai wata ƙungiya ta zo koya wa matasa tuƙa dron, ɗan jirgin nan marar matuƙi, don feshin shinkafa da neman mutane in jirgin ruwa ya kife. Na shiga. Kafin a ba ka na gaske sai ka yi ta koyo a kwamfuta, akwai AI a ciki da ke lura da hannunka, duk inda ta ga kana kuskure sai ta yi ta maimaita maka wurin har ka iya. Feshi kam na ci, malaminmu har cewa ya yi hannuna ya fi na mazan tsayuwa.

Darasin ruwa ne ya kashe ni. Yayana Sani a ruwa ya rasu, jirginsu ya kife suna dawowa daga kasuwa ta wajen Ngaski, ko gawarsa ba a gani ba. Ranar da allon kwamfutar ya nuno mini jirgi a kife ga kawunan mutane, yatsuna suka sandare, dron ya faɗa ruwa. Ita kuwa na'ura me ta sani? Ta ga nan ne raunina, sai ta dinga ba ni shi kullum, yau da ruwan sama, gobe da iska, jibi har da yara a ciki. Wasu na can suna feshi suna dariya, ni ina zaune Yaya Sani yana nutsewa a gabana.

Na samu malam na faɗa masa gaskiya, ya ce Allah ya jiƙansa, amma shi ba ya iya taɓa tsarin, kuma ba mai samun takardar shaida sai AI ta ce ya wuce. Na ce to shi mene ne amfaninsa a wurin, ya ce in iya bakina. Inna kuwa feshi kawai na ce mata muna koyo. Matar da tun ranar da Sani ya rasu ko kifi ba ta sake kaiwa bakinta ba, ta ina zan fara?

Ƙawata Rabi ta ce in ba ta lambata ta sirri ta shiga kwamfutar ta yi mini darasin, ba mai ganewa. Wallahi saura kaɗan in yarda. Amma ranar da aka kira ni bakin ruwa na gaske, yayan wata yana ciki, hannuna ya sandare fa? Ni kuma don kada a sake rasa wani yadda muka rasa namu na shiga.

Mako mai zuwa ne jarrabawa, kuma na san ba zan ci ba. Ku faɗa mini, in ba Rabi lambar, ko in ajiye rimot ɗin in koma gida in ce wa Inna feshin ne na faɗi?