Dangwalin Baba Ya Dawo Gida

Talata, 8 ga Afrilu, 2025

Yau Yaya Abdulbaqi ya tashi zuwa Brazil tare da ayarin 'yan kasuwa. Ni na shirya masa tambayoyin da zai yi: yadda suke kitsa shanu, yadda suke yanka, yadda namansu yake isa Jidda bai lalace ba. Tun rasuwar Baba burinmu ɗaya ne, mu mayar da gonarsa ta hanyar Gezawa wurin kitso da mayanka, mu ma mu riƙa fitar da nama ƙasashen Larabawa. Shi kasuwa, ni lafiyar dabbobi, tunda ita na karanta. Ba mu raba gadon shanun ba, na ce ya riƙe, shi ne babba. A bakin mota ya ce, "Safina, in na dawo sai aiki." Allah ya kai shi lafiya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ya dawo, bakinsa bai huta ba. Hajiyarmu ta sa Kande mai aikinmu ta yi masa tuwon shinkafa, tuwo ya huce yana ta Brazil, Brazil. Wai shanunsu sun fi mutanensu yawa, masu tozo ne kamar namu, jiragen ruwa na lodin nama zuwa Sin da Dubai ba dare ba rana, kuma duk shekara ƙaruwa abin yake. Har Musulmi suke ɗauka aikin yanka saboda kasuwar Larabawa. Na tambaye shi ɗakin sanyi da maganar allurar rigakafin cutar boru, ya ce ni kifin rijiya ce, sai na gani da idona. Na yi dariya, amma ban ji daɗinta ba.

Tsarabata ƙaramin buhun irin ciyawa. Ya ce ita ce sirrin kiwonsu. Na duba sunanta, na ce Yaya ai wannan asalinta ciyawar Afirka ce, daga nan aka kai musu. Ya ce to ga ta ta dawo da digiri.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na je gona. Na duba saniyata Goshi, tana da ciki. Uwarta Baba ya ba ni ranar da na gama karatu a Zariya, don haka ita kam tawa ce, ba ta cikin gado. Malam Jibrin makiyayi yana ta yi mini barka kamar ni zan haihu.

Laraba, 14 ga Mayu

Na ce zan kai allura gona, Yaya ya ce in bari sai bayan Sallah, wai kada a wahalar da dabbobi a wannan zafi. Yaushe ya fara tausayin saniya? Kullum yana waya da wasu mutanen Dubai, da na shigo falo sai ya fita gindin mangwaro.

Alhamis, 29 ga Mayu

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi maigadi ya ce ana sallama da Hajiya. Na fita na ga Malam Jibrin tsugune a bakin baranda, gabansa dangwali a naɗe, doguwar igiyar nan mai madaukai da ake jera maruƙa a jiki in za a yi tatsa. Ta Baba ce, tun yana fatauci. Na ce lafiya, ko ta tsinke ne? Ya kalle ni da mamaki, ya ce, "Likita, ai Alhaji marigayi ba ya sayar da saniya da igiyarta. Tunda garke ya tafi, na ce in kawo ta gidan mai ita."

Na ce wane garke ya tafi, ina?

Sai a lokacin ya gane ban sani ba. Bawan Allah ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce shekaranjiya tireloli suka zo, aka loda su gaba ɗaya zuwa Legas saboda kasuwar Sallah, Yaya na tsaye. Masu saye sun so haɗawa da igiyar, shi Malam Jibrin ya hana, saboda abin da Baba ya koya masa ke nan: in igiya ta bi dabba, arzikin kiwo ya bar gida. Na ce Goshi fa? Ya sunkuyar da kai.

Yaya ya shirya komai, ya hana ni zuwa gona, ya ɓoye wa Hajiya. Abu ɗaya ya manta, al'adar ubansa.

Juma'a, 30 ga Mayu

Ya zo bayan masallaci. Na ajiye dangwalin a kan teburin falo, a kan gilashin da Hajiya ba ta bari ko kofi a ɗora. Da ya gan shi sai ya tsaya cak, sannan ya zauna ya fara lissafi. Wai ya sayi hannun jari a wani kamfani na Dubai mai dillancin naman Brazil, har da rabona a ciki. Wai mu ba wuta, ba takardar shaidar lafiya da Larabawa za su yarda da ita, saniyarmu tana shekara biyar ba ta kai tasu 'yar shekara biyu ba. Wai gara mu hau jirgin da ya riga ya tashi.

Na ce duk na ji, me ya hana ka faɗa mini? Ya ce, "Na san ba za ki yarda ba." Na ce to ka san ba zan yarda ba, ka yi. Na ce, "Yaya, Goshi ciki ne da ita. Ni na duba ta da hannuna." Ya ce bai sani ba, zai saya mini goma irinta. A nan na tashi na bar masa falon.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayoyin nan da na zauna na rubuta masa. Ashe ni na shirya masa guzurin da zai je ya yi mini sakiyar da ba ruwa.

Asabar, 31 ga Mayu

Na jefa buhun ciyawarsa cikin sito. Ɓeraye su yi digiri.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Sallah. Ya aiko direbansa da cinyar ragonsa kamar kowace shekara. Na ce Kande ta raba wa masu gadin layinmu. Ban je gidansa ba, 'ya'yansa sun zo na ba su barka da Sallah, su ba ruwansu. Duk naman da na gani a tire sai in tuna yanzu haka wani a Legas ya buɗe cikin Goshi ya ga abin da na gani. Ban ci komai ba sai shayi.

Litinin, 16 ga Yuni

Hajiya ta kira ni ɗakinta. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce Hajiya ai ni aka yanke. Ta ce ita ma ba ta yafe masa ɓoye-ɓoyen ba, amma in faɗa mata tsakani da Allah, ƙarya ya yi a maganar wuta da takardu? Na ce ba wannan ce maganar ba. Ta ce ta sani, tambaya kawai ta yi.

Ba ƙarya ya yi ba. Na daɗe da sanin haka, ni da nake yawo ofis-ofis. Amma gaskiyarsa ba ta wanke cin amana. A nan kawai zan rubuta wannan.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ya kira, ban ɗauka ba. Ya turo hoton wani katafaren ɗakin sanyi a Dubai. To, ya je ya shiga ciki ya zauna mana.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na ɗauki Malam Jibrin muka tafi kasuwar Wudil. Na ce wa Hajiya kallo za ni. Idona na ta neman fara mai baƙin goshi, alhali na san inda ta ƙare. Daga baya muka ga wasu karsana biyu, ramammu amma ƙashinsu mai kyau ne, haƙoransu lafiya. Na saya da albashina. Da aka sallama, mai su ya kwance igiyarsa ya saɓa a kafaɗa ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Ƙwalla ta zo mini a tsakiyar karar shanun, dillalai na kallona. Na ce wa Malam Jibrin ya ɗauko tamu a bayan mota.

Karsana biyu a dangwalin da ya saba ɗaukar maruƙa jere. Ya yi musu yawa ƙwarai.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ruwa ya zauna. Karsana biyun sun fara murmurewa, amma ciyawar gonar ba ta da wani ƙarfi, kuma dusa ta yi tsada. Makon jiya na shiga sito neman wani abu daban, na ga ɓerayen ba su taɓa buhun nan ba. Zubar da iri asara ne, shi ke nan dalili. Mun shuka shi a gefen rijiya, yau Malam Jibrin ya kira ya ce ta fito shar, bai taɓa ganin ciyawa mai saurinta ba. Ai dama tamu ce.

Yaya ya zo gaishe da Hajiya da yamma. Ina jin muryarsa ban fito ba. Kande ta ce da zai tafi ya tsaya a baranda yana kallon ƙusar da na rataye dangwalin kwanakin baya, ya tambaye ta ina igiyar Baba. Ta ce masa tana gona, tana aiki. Wai sai ya ce ta tambaye ni ko akwai sauran madauki da babu kowa a ciki.

Ban ba ta amsa ba. Akwai dai, da yawa.