Mesar Yaya Nasidi da Kaskon Inna

Unguwar Kwarbai,
Birnin Zariya.
Agusta, 1989.

Zuwa ga Yaya Nasidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai a can Ibadan. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ka a garin mutane. Mu nan sai godiya. Maijidda ta sauka lafiya, an samu mace, Kabir kuma ya fara aiki a sakatariya.

Sai maganar da ta sa na ɗauki biro, kuma wallahi raina a ɓace yake. Malam Jumare direba ya kawo saƙonka. Wai a duba maka ko mesarka ta yi saɓa, a rage mata kaji kada ƙiba ta yi mata yawa, a riƙa sauya mata ruwa. Inna tana zaune tana saurare har ya gama, ta tambaye shi ko da saura. Ya ce shi ke nan. Haba Yaya! Ko kunya ba ka ji ba? Maciji ya samu gaisuwa, wadda ta haife ka ba ta samu ba.

To ga labarin mesar taka. Tun da ka rufe ta a ɗakinka ka kama hanya, ba wanda ya yarda ya kusance ta sai Inna, matar da ko ƙadangare ta gani sai ta yi salati. Kajinta na kiwo take jefa mata, wai abin Nasidi ne, ba za a ce ya mutu a hannunta ba. Da marka ta kankama, mesar ta daina ci, idanunta suka yi fari kamar masu yana, ta lafe a lungu. Kai ka san alamar saɓa ce, amma wa ka taɓa gaya wa? Kullum mu jahilai ne a wurinka. Inna ta ce sanyi ne ya kama ta, sai ta yi mata abin da take yi maka kana yaro: ta cika kasko da garwashi, ta ajiye mata a ɗakin, ta ja ƙofa. Ita kuwa sakaryar ta je ta nannaɗe kaskon, ba ta sake shi ba har cikinta ya sale.

Muka ɗauko Dakta Dogara, likitan dabbobin nan na Wusasa. Sai da ƙartin unguwa suka danne ta kafin ya wanke ciwon ya shafa magani, mata kuwa cike da zaure suna kallonmu. Ya ce mesa ba ta da ɗumin jiki nata na kanta, shi ya sa take bin zafi, kuma ba ta janye jiki sai ƙuna ta yi nisa. Ya ce in ma za ta warke, sai ta yi saɓa a kai a kai, kuma babu tabbas.

Tun ranar Inna ba ta cin abin kirki. Wuni take a bakin ƙofar ɗakinka da carbi, duk ta rame, zani ma ba ya zama a ƙugunta. Ta rantsar da kowa kada a gaya maka, wai kada ka ce ta kashe maka dabba ka ƙi dawowa. Ka ji fa! Ni dai ban rantse ba. In mesar ta mutu yau, dukawa su zo su yi jaka da fatar, ko a jikina. Amma in wani abu ya sami tsohuwar nan saboda ita, wallahi ba zan yafe maka ba. Ka zo gida. In ba za ka iya ba, ka rubuto da hannunka ka ce mata ba ka riƙe ta da komai ba.

Kawu Sabo, Maijidda, Kabir da Jamilatu duk suna gaishe ka. Inna ta ce in faɗa maka kowa lafiya, to na faɗa. Jiya da la'asar na tarar ta sake hura kaskon nan, ta tsaya da shi a tsakar gida ta rasa inda za ta kai shi. Da ta gan ni, sai ta tambaye ni ko a Ibadan ma ana sanyi.

Ni ce ƙanwarka,
Adama.