Inna, Yaya Hamidu Ya Canja Hula

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, ɗanki Lawali ne daga Bagudo. Shekara uku ke nan da rasuwarki, kuma bana ce karon farko da na ji gara da ba ki nan, ba ki ga abin da muka zama ba.

Kin san injin casar shinkafar nan na hanyar boda, inda kika roƙi Yaya Hamidu ya samo mini aiki. Shi ne shugaban leburori, ni ina kan sikeli. Saura mako biyu zaɓe, Alhaji mai injin ya tara mu a bakin sito, ya ce duk mai cin abinci a ƙarƙashinsa, ɗan takararsa zai dangwala wa. Sai ya sa aka kawo Alƙur'ani. Inna, a kan buhun shinkafa aka ɗora shi, aka ce mu yi layi mu dafa mu rantse. Wasu ko alwala ba su da ita. Yaya Hamidu ne ke kiran suna.

Da aka zo kaina na ce ba zan rantse ba. Ban zagi kowa ba. Cewa kawai na yi, ɗan takarar nan lokacin da ruwa ya cinye mana gonakin Geza ko jaje bai aiko ba. Alhaji bai ko dube ni ba, sai ya dubi Yaya. Shi kuwa Yaya ya ce, a gaban kowa, "Sauka daga sikelin nan, Lawali. Wanga gida ba ya riƙon ɗan adawa." Shi da kansa ya raka ni har bakin ƙofa, don Alhaji ya gani.

Na ari babur na shiga kabu-kabu, ina kai 'yan kasuwa bakin iyakar Benin ina dawowa. Ana cikin haka matata Hadiza ta haihu, mace, na sa mata sunanki. Na aika wa Yaya goro har gida. Bai zo suna ba, ya kuma hana matarsa zuwa, wai kada labari ya kai ga Alhaji. Rago na yanka, na ware masa cinya kamar yadda kika saba yi, aka dawo mini da ita a cikin kwanon da na aika.

To, ga abin da ke tayar mini da zuciya. Ɗan takarar Alhaji ya faɗi. Ba a yi wata ɗaya ba Alhaji ya sauya sheƙa, ya koma wajen wanda na zaɓa, har da kiɗa da rabon huluna. Da idona na ga Yaya Hamidu a bayan mota, da sabuwar hula a kansa, yana ɗaga hannu yana yi wa wanda na zaɓa ɗin kirari. Mutanen da aka sa suka dafa Alƙur'ani suna biye da shi suna tafi. Ba wanda ya sunkuyar da kai.

Shekaranjiya ya zo gidana. Bai tambayi jaririyar ba. Ya zauna a kan tabarmarki ya ce, "Ai siyasa ce, ƙanena. Yanzu duk jirgi ɗaya muke. Alhaji ya ce ka dawo kan sikelinka." Yana dariya, kamar wasa muka yi.

Ina so in ce miki na kore shi. Ban kore shi ba, Inna. Mai babur ya karɓi abinsa, Hadiza tana jego, hatsin gida ya ƙare. Jiya na koma. Ina shiga aka miƙo mini hula, irin ta Yaya. Tana nan cikin aljihuna, ban sa ba, ban kuma iya jefarwa ba. Ƙyamar da nake ji yanzu har da ta kaina.

Takwararki ta fara murmushi. Goshinki ne sak. Kullum sai na ɗauke ta kafin in fita, nakan ji sanyi kaɗan.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya shiryi Yaya, ni kuma Ya ba ni abin yi da ba sai na miƙa wa wani ƙuri'ata ba.

Ɗanki mai kewarki,
Lawali