Takalmana a Ƙofar Majalisa

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya ciwon gwiwa, ya jikoki? Mu nan lafiya lau, shago na tafiya.

Albishirinki: 'yarki Lauya ta ci zaɓe, shekaranjiya aka rantsar da ita a majalisa. Yarinyar da na shigo ƙasar nan da ita a kafaɗa, ko gaisuwa ba ta iya ba da yarensu! A gindin teburin da nake yankan fata ta yi karatu, ta shekara goma sha biyu tana tsaya wa baƙi irinmu a kotu. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, ki ce ban yi ƙoƙari ba.

Sai dai na jawo magana. Da na isa ƙofar zauren na ga jan kafet, sai na tuɓe takalmana na jera su gefe, yadda Inna ta koya mana in za a shiga wurin manya. Wani ya ɗauki hoto, jarida ta buga. Abokan hamayya sai shewa suke, wai ga irin mutanen da dokar da take son kawowa za ta ba takardar zama. Masu ba ta shawara sun ce in daina zuwa har a kaɗa ƙuri'a a kan dokar. Ban damu da su ba. Ita ce ba ta ce min komai ba, kuma shirun nan yana ci na. In ta ji kunyata, Yaya, me na shekara talatin ina yi?

Ƙaninki,
Mai Takalma

*

Yaya,

Sallama da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida duka.

Ta zo shago da kanta. Ta daɗe tana juya guduma a hannu, sannan ta ce gobe in zo majalisa, amma don Allah in nemi safar da ba ta huje ba, ta ranar nan ta ba ta kunya.

Washegari ina zaune a benen 'yan kallo ta shigo, takalmanta a hannu, waɗanda na ɗinka mata. Ta ɗora su kan tebur. Ta ce mutumin da suke wa dariya ya cire nasa ne don yana ganin girman zauren, wa ya taɓa yi a cikinsu? Ta ce kowa ya duba ƙasan takalminsa, da yawa za su ga ɗinkina. Shugaban masu hamayya ya ja ƙafarsa ƙarƙashin kujera. Na gane shi, sau biyu na canza masa dunduniya.

Sai ta nuna ni da hannu ta ce, ga Babana can. Na miƙe tsaye, Yaya, da sabuwar safata.

Ƙuri'a sai mako mai zuwa, kuma an ce da wuya. Allah Ya ba ta sa'a. Ni dai na riga na samu tawa. Ki aiko min da awon ƙafarki.

Ƙaninki,
Baban 'Yar Majalisa